Bashin Karatu: Ɗalibi Ya Ci ko Ya Haƙura?

Tun ranar 24 ga Mayu, 2024, da asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya buɗe shafinsa na intanet, wata gardama ta shiga gidaje da yawa a Arewa, har yau kuma ba ta fita ba. Ɗa ya dawo hutu ya ce zai nemi bashin gwamnati, uba ya ce ba da yawunsa ba, shi bai gaji cin bashi ba, ba kuwa zai bari ɗansa ya fara rayuwa da shi a wuya ba. Ɗan ya ce, "Baba, babu ruwa a ciki fa." Uban ya ce, "To, ranar biya wa zai tsaya maka?" Kowannensu yana da gaskiyarsa, shi ya sa maganar ta ƙi mutuwa.

Kafin a ba ɗayansu gaskiya, sai a tuna yadda aka zo nan. Daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023 jami'o'in tarayya suka bi juna suna ƙara kuɗin rijista: Maiduguri, Dutse, Bayero ta Kano, Legas. Wasu ninki biyu, wasu ninki uku ko fiye. Hujjarsu ita ce abin da gwamnati ke ba su na gudanarwa ba ya biyan ko kuɗin wutar lantarki. Ana cikin haka, ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa, hauhawar farashi ta zarce kashi 34 cikin 100. Kuɗin mota daga gida zuwa makaranta ya tashi, kwanon garin kwaki ya tashi, hayar ɗaki a bayan makaranta ta tashi, kuma aljihun uban da ake dogaro da shi yana nan yadda yake, in ma bai ƙara ramewa ba. Gwamnatin Kano ta biya wa 'yan jihar kusan 7,000 kuɗin rijista a Bayero a 2023, ta Kaduna kuma ta rage kuɗin manyan makarantunta a shekarar. An ji sanyi, amma ɗalibi ba shekara ɗaya yake yi a jami'a ba.

Dokar bashin ita kanta sau biyu aka yi ta. Ta farko, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta zo da sharuɗɗan da ɗan talaka ba zai iya cikawa ba, har da kawo masu tsaya masa daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi. A Afrilun 2024 aka soke ta aka yi sabuwa, aka cire wancan shinge. Yadda take a yanzu, ɗalibin makarantar gwamnati zai nema da lambarsa ta JAMB da NIN da BVN. Kuɗin rijista kai tsaye ake tura wa makaranta, wanda ya nemi na ɗawainiya kuma ana sa masa naira 20,000 a asusunsa duk wata. Babu kuɗin ruwa. Ba a fara karɓar biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa. Wanda bai sami aiki ba yana iya yin rantsuwa a kotu ya nemi a ɗaga masa. Wanda ya rasu an yafe.

Masu cewa a ci suna fara hujjarsu da rashin ruwan nan, kuma hujja ce mai nauyi fiye da yadda ake zato. A ƙasar da kuɗi ke zubewa kowace shekara, wanda ya ranta maka naira 100,000 yau ya ce ka mayar masa da naira 100,000 bayan shekara bakwai ya bar maka wani kaso mai tsoka kyauta, ko ya sani ko bai sani ba. Duk wanda ya tuna abin da naira 100,000 ke saya a 2018 ya duba abin da take saya yanzu zai gane haka. Babu bankin da zai yi wa ɗalibi wannan, babu ɗan kasuwar da zai yi masa. Ta fuskar addini ma, rancen da babu ƙari a kansa shi ne wanda Musulunci ya halatta, har ya kwaɗaitar da mai hali ya bayar.

Suna kuma tambaya: idan bai ci ba, sai ya yi me? Amsar da aka fi gani a zahiri ita ce jingine karatu. Ranar rufe rijista ta zo, kuɗi bai cika ba, ɗalibi ya rubuta takardar neman ɗage shekara ya koma gida da niyyar ya tara ya dawo. Wasu suna dawowa. Da yawa kuwa kasuwa ko tuƙin adaidaita sahu ko aure ya riƙe su, shekara ta zama biyu, har gurbin ya tafi. Wannan ɗalibin fa ya riga ya sha yajin aikin malamai, na 2020 da ya ci mafi yawan shekarar, da na 2022 da ya ɗauki wata takwas. Digirin shekara huɗu ya riga ya zama na shida. A ce masa ya ƙara wata shekarar don gudun bashin da ba ruwa, abu ne da mai faɗa ya kamata ya auna sosai kafin ya furta.

Akwai kuma batun mutunci, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Ɗalibin da ba shi da gata, duk farkon zangon karatu sai ya yi zagaye: gidan kawu, shagon baffa, ofishin wani ɗan siyasar unguwa. A ce ya dawo gobe, ya dawo a ce an fita. Ga 'ya mace abin ya fi muni, domin akwai masu taimakon da ba don Allah suke yi ba, kuma kowa ya san haka. Kuɗin da ya zo ta hanyar doka, ba tare da durƙusa wa kowa ba, ya tsare wa yara da yawa abin da ya fi kuɗin daraja. Kuma dukiyar ƙasa ce: dokar 2024 ta ware wa asusun kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke karɓa a lokacin. Da aka fara fitar da alƙaluman masu nema, jami'o'in Arewa irin su Maiduguri da Bayero ne a sahun gaba. Wannan ya nuna inda buƙatar ta fi tsanani.

To amma uban nan da ya ƙi ba jahilci ne ya hana shi ba. Ya taso yana jin wa'azi a kan nauyin bashi: cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kansa ta sauka, cewa Manzon Allah (SAW) yakan nemi tsari daga gare shi, kuma ya taɓa ja da baya daga sallatar gawar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mutumin da ya girma da wannan a zuciyarsa ba ya ɗaukar bashi a matsayin lissafin riba da asara kawai. Yafewar da doka ta yi wa wanda ya rasu ta rage wannan fargaba ƙwarai, ya kamata kuma a riƙa sanar da iyaye ita. Amma ba ta amsa tambayar da ta fi damun malamai ba, wato ta wanda ya karɓa alhali tun farko bai yi niyyar biya ba.

Nan ne gizo ke saƙa, domin irin waɗannan suna da yawa. Ka zauna da ɗalibai za ka ji wani yana cewa, "Kai, karɓi rabonka, kuɗin gwamnati ne, wa zai biya?" Mun taɓa jin wannan maganar. An ji ta lokacin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. An ji ta lokacin bashin korona da aka raba ta bankin NIRSAL daga 2020, wanda mutane da yawa suka ɗauka tallafi ne, suka ci suka sha ruwa. Bayan 'yan shekaru sai ga kuɗi suna ɓacewa daga asusun mutane ba sallama, saboda lambar BVN ta haɗa duk asusun mutum wuri guda, kuma Babban Banki yana da tsarin da ke ba mai bin bashi damar cirewa daga duk inda kuɗin yake. Wani kuɗin jarinsa aka kwashe, wani ajiyar mutane ce a hannunsa. Ɗalibin da ke ganin bashin karatu zai bi ruwa kamar na hukumar ba da rancen ɗalibai da aka kafa a 1972, wadda rashin biya ya durƙusar, ya manta cewa a wancan zamanin takarda ce da fayil. Yanzu kuwa sunansa da yatsunsa suna cikin na'ura.

Mu yi lissafi a fili, a matsayin misali kawai. A ce rijistar ɗalibi naira 100,000 ce a shekara, kuma ya karɓi na ɗawainiya wata 12, wato naira 240,000. Shekara ɗaya ta kama 340,000, shekara huɗu 1,360,000. Idan Allah Ya ba shi aikin naira 100,000 a wata, za a riƙa cire 10,000, sai ya shekara 11 da 'yan watanni yana biya. Idan kuwa mafi ƙarancin albashi na 70,000 ya samu, abin zai haura shekara 16. Albashi zai iya ƙaruwa, shekarun su ragu, gaskiya ne. Amma waɗannan su ne shekarun da saurayi ke son yin aure, ya kama haya, ya ɗauke wa iyaye nauyin ƙanne. Kuma da yawan masu digiri a garuruwanmu ba sa samun ko wannan 70,000 ɗin. Malamin makarantar kuɗi a unguwa ya san abin da ake ba shi a ƙarshen wata. Wanda ya kama sana'ar POS ko sayar da data shi ma doka ta ce ya riƙa biya daga ribarsa, ribar da wani watan ko cefane ba ta isa.

Akwai wani ɓangare da na ga an yi shiru a kansa, alhali a Arewa shi ya fi kusa da mu. Yarinya ta ci bashin, ta gama digiri, ta yi aure, mijin ya ce ba zai bari ta yi aiki ba, ko ita da kanta ta zaɓi zaman gida. Bashin yana kanta, ba kan mijin ba, ba kan uban ba. Za ta iya neman a ɗaga mata tunda ba ta da albashi, amma ɗagawa ba yafewa ba ce. Shin za a faɗa wa manemin aurenta tun kafin a sa rana? Idan ta fara 'yar sana'a a cikin gida kuɗi suka fara shiga asusunta fa? Ban kawo wannan don a hana 'ya'ya mata nema ba, su ma sun fi kowa buƙatar kuɓuta daga roƙo. Na kawo shi ne don gidan da za su yanke shawara su zauna su yi maganar tun yanzu, uwa da uba da ita yarinyar, a san wanda zai biya idan aikin bai samu ba.

Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta ɗauki maganar daga wani gefen. Tsohon shugabanta, Farfesa Emmanuel Osodeke, ya sha nanata cewa tallafi ya kamata a ba 'ya'yan talakawa, ba bashi ba. Tsoronsu shi ne da zarar an ce akwai inda ɗalibi zai ranto, an buɗe wa makarantu ƙofar ƙarin kuɗi, an kuma buɗe wa gwamnati ƙofar zame kafaɗa. Duk ƙarin da aka yi sai a ce ai ga NELFUND nan. Suna nuni da Amurka, inda bashin karatu ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi a wuyan mutum sama da miliyan 40. Na can yana da ruwa, namu babu, saboda haka kwatancen bai zauna daidai ba. Amma tushen tsoron nasu yana nan: waɗanda suka tsara wannan bashi, da yawansu sun yi jami'a a zamanin da gwamnati ke ɗauke kusan komai, har abinci ana ci da tikiti mai rahusa. Matashin da ya ji ciwon wannan bai yi laifi ba.

Sai kuma yadda ake tafiyar da abin. Ɗalibai sun koka cewa kuɗin rijista kan iso bayan an rufe rijista, sai sun nemo wani wuri sun biya, sannan su shiga zaryar neman makaranta ta mayar musu. A 2025 koken ya yi yawa har hukumar ICPC ta shiga bincike a kan yadda wasu makarantu ke riƙe kuɗin. Na ɗawainiya ma wani watan ya zo, wani watan a yi ta duba waya. Wanda ya dogara da shi kacokan zai kwana da yunwa.

Duk da nauyin waɗannan hujjoji, ni na fi karkata ga a ci, kuma dalilina ɗaya ne. Masu cewa a haƙura suna magana kamar ɗalibin da bai nemi na gwamnati ba yana zaune ne babu bashin kowa. Ba haka abin yake ba. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a ɗakunan kwanan ɗalibai za ka ga gaskiyar wannan ƙarara. Sunansa yana cikin littafin mai shago: taliya, sukari, sabulu. Mai abinci tana binsa na garau-garau. Abokin ɗakinsa yana binsa na hoton takardun lacca, har sun fara 'yar ɓuya da juna. Ya ci katin waya bashi. Uwarsa a gida ta ɗauki adashe tun kafin zagayenta, ko ta sayar da akuyar da take kiwo, uban da ya rantse ba ya cin bashi kuwa ya karɓi buhun masara a hannun wani zuwa kaka. Wannan duk bashi ne, sai dai ba a rubuta shi a Abuja ba, kuma masu binsa talakawa ne irinsu waɗanda jira ke cutarwa.

Mafi sharri a cikinsu shi ne na manhajojin waya. Cikin minti kaɗan za su sa wa yaro naira 10,000 ko 20,000, wa'adin mako ɗaya ko biyu, da ruwa mai kisa. Kafin su ba shi sun riga sun kwashe lambobin da ke wayarsa. Ranar da ya gaza, sai saƙo ya isa ga mahaifiyarsa da malaminsa da yarinyar da yake nema, ana kiransa ɓarawo, wani lokaci har da hotonsa. Abin ya kai ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, ta kuma tilasta musu rijista, amma ba su ƙare ba. Yaron da ya shiga hannunsu yakan ranto daga wata manhajar ya biya wata, daga nan sai cacar ƙwallo da fatan ya fita gaba ɗaya, ko ya zuba kuɗin rijistarsa a tsare-tsaren damfara irin su MMM ta 2016 ko CBEX da ta rushe a Afrilun 2025. Karatu kuwa ya riga ya tafi, domin mai jiran kiran masu bin bashi ba ya fahimtar abin da ake faɗa a aji. Idan uba ya hana ɗansa bashin da babu ruwa, bai kuma iya cike masa gurbin ba, to sau da yawa can ya tura shi, bai sani ba.

Saboda haka abin da zan faɗa wa ɗalibi shi ne ya raba bashin gida biyu. Na rijista, idan har gida ba za su iya ba sai da sayar da abin da ake ci da shi, ya nema, ya kuma nema da wuri. Na ɗawainiya kuwa ya tsaya ya yi tunani, domin a misalinmu na sama shi ne ya fi kashi biyu cikin uku na jimillar. Wanda yake zuwa makaranta daga gidansu, ko yake da ɗinki ko gyaran waya ko koyar da yara da yamma, in zai iya rayuwa babu wannan 20,000 ɗin, ya bar ta. Ba dole ba ne don ya karɓa bana ya karɓa baɗi. Ya sami littafi ya riƙa rubuta duk abin da aka tura da ranarsa, ya riƙa duba shafinsa ya tabbatar abin da aka rubuta a kansa shi ne abin da ya iso. Wanda kuma gidansu ke da hali, ya ji tsoron Allah ya bar wa mabuƙata, kada ya karɓa don sauya waya. Basussukan da ke kansa na mai shago da abokai, ya je ya same su ido da ido ya faɗi ranar da zai iya, ko da kaɗan-kaɗan ne. Mai bin bashi ya fi jure jinkiri a kan a riƙa sauya hanya idan an hango shi.

Mu ma da ke wajen makaranta akwai abin da ke kanmu. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka, kuma Sakkwato da Zamfara da Kano duk suna da hukumomin zakka da waƙafi. Attajirin da ke raba atamfa da shinkafa da azumi zai iya zuwa jami'ar garinsu ya nemi sunayen 'yan ajin ƙarshe da suka kasa rijista. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma haka.

Karkatar da na yi ga a ci ba ta wanke gwamnati daga ƙorafin ASUU ba, kuma akwai gyara ɗaya da nake ganin bai kamata a jinkirta ba. A Ingila ba a taɓa albashin mai bashin karatu sai ya haura wani mataki da aka ƙayyade, abin da ya ɗara matakin kaɗai ake cire wa kashi 9 cikin 100, bayan shekara 30 ko 40 kuma a shafe abin da ya rage. Tamu dokar kashi 10 take ɗauka daga albashin gaba ɗaya, na mai 70,000 da na mai 700,000. Naira 7,000 a hannun na farkon kuɗin motarsa ne na zuwa aiki. Ɗaliban farko da suka karɓa a 2024 suna ajin ƙarshe, idan aka lissafa bautar ƙasa da shekara biyun sassauci, za a fara binsu wajen 2027 zuwa 2028. 'Yan majalisar da ke wakiltar Borno da Kano da sauran jihohin da 'ya'yansu suka fi kowa nema suna da wannan ɗan tsakanin su kai ƙudurin sa matakin albashin da ba za a taɓa ba, su kuma fayyace matsayin macen da ta gama karatu ba ta shiga aikin albashi ba.